Yadda Ake Mayar da Ƙaramin Banɗaki Ya Koma Ɗakin Wanka Mai Tayil, Ba Baho Ba Kasko

Tambayar da aka fi maimaitawa a kan ƙananan banɗakuna ita ce ko mutum zai iya cire baho ko kaskon shawa, ya shimfiɗa tayil bai ɗaya tun daga ƙofa har ƙarƙashin shawa, ruwa ya riƙa bin daɓe yana gangarawa rariya, kuma ya yi aikin da hannunsa. Zai iya, muddin yana da haƙurin awo da haƙurin jira. Sai dai a riƙe abu ɗaya tun yanzu: tayil ba ya hana ruwa wucewa. Ruwa na ratsa layukan da ke tsakaninsa, ya jiƙa gam, ya sauka ƙasa. Abubuwa biyu ne ke riƙe irin wannan ɗaki, gangaren daɓe da shafen hana ruwa da ke ƙarƙashin tayil, kuma dukansu ba a ganinsu in an gama aiki.

Duk lissafin da ke tafe an yi shi ne a kan banɗaki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2, ƙofa a gefe ɗaya, shawa a can ƙurya. Sai ka sauya alƙaluman da na ɗakinka.

1. Duba ɗakin kafin ka ɗaga guduma

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Daɓen kankare a ƙasa shi ne mafi sauƙi, domin kana iya sassaƙe shi ka binne rariya da bututu. Silab ɗin bene wani abu ne daban: akwai rodi a cikinsa, kuma rodin ne ke ɗauke da nauyin ginin. Ba a yanka shi, ba a kuma sassaƙe silab ɗin don a samu zurfi. A bene zaɓi biyu ne, ko a huda rami ɗaya bututu ya bi ta ƙarƙashin silab, ko a ɗaga daɓen banɗakin gaba ɗaya a yarda da 'yar matakala a bakin ƙofa. Daɓen katako kuwa sai an ƙara masa ƙarfi, don yana motsi, motsi kuma shi ke tsaga layin tayil.

Jikin rariya da lanƙwasarta, wato gwiwar da ke ƙarƙashinta mai riƙe ruwa, na buƙatar zurfin santimita 7 zuwa 12 ƙasa da fuskar tayil, gwargwadon irin da ka saya. Nemo inda tsohon bututun ruwan wanka ya fita daga ɗakin, ka auna tsayinsa. Idan mafitar ta fi inda rariya za ta zauna tudu, sai dai a ɗaga daɓe ko a sauke mafitar. A nan ake gane ko aikin zai yiwu cikin sauƙi ko a'a, don haka kada a sayi komai sai an warware wannan.

Sai ƙarfin ruwa. Tara bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin shawa, ka buɗe ta gaba ɗaya, ka duba agogo. In ya cika a minti ɗaya, shawarka na zubo lita 10 a minti. Manyan kawunan shawa masu faɗi kan ninka haka. Rariyar da za ka saya dole adadin da aka rubuta tana kwashewa a minti ya zarce na shawarka da tazara mai kyau, saboda gashi da sabulu za su rage mata ƙarfi nan gaba.

In gidan haya ne, ko akwai masu zama a ƙasanka, nemi izini tukuna.

2. Zaɓi rariya da mazauninta

Iri biyu ne. Akwai ƙarama mai kusurwa huɗu, akwai doguwa mai kama da siririyar kwata. Ƙaramar ta fi araha, amma daɓe zai gangaro mata ta ɓangarori huɗu, wanda ke nufin ko ka yi amfani da ƙananan tayil, ko ka yayyanka manya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Doguwar ta fi tsada, amma in ka kwantar da ita a gindin bangon ƙurya, gangare ɗaya tak ake yi, manyan tayil kuma su zauna ba wahala. Ga wanda bai taɓa yin daɓe mai gangare ba, doguwar ta cancanci kuɗinta.

Ko wacce ka ɗauka, duba abubuwa uku. Ta zo da faffaɗan leɓe kewaye da ita, ko ƙyallen da aka manna mata tun daga masana'anta, wanda shafen hana ruwa zai kama. Lanƙwasarta ta riƙe ruwa mai zurfin santimita 5, shi ne ke tare wari daga dawowa. Sannan a iya zaro cikinta ta sama a wanke. Rariyar da murfi ne kawai a kan bututu ba ta wannan aikin ba ce, ruwa zai bi ta gefenta ya shige ƙarƙashi.

Ajiye ta nesa da ƙofa iyakar yadda ɗakin ya bari.

3. Kaya da inda kuɗi ke tafiya

Daɓen ɗakin misalinmu murabba'in mita 3 ne. Kewayensa mita 7, in aka yi tayil zuwa tsayin mita 2.1 aka cire ƙofa, bango zai ci wajen murabba'in mita 13. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ko 15 in akwai yankan karkace. Sayi tayil ɗin duka a lokaci ɗaya, lambar rukuni iri ɗaya a jikin kwalayen, don launi kan ɗan bambanta tsakanin rukuni da rukuni. Sauran kayan:

- siminti buhu 2 masu kilo 50 da yashi mai kaushi, wankakke
- gam ɗin tayil na gari, buhu 3 zuwa 4 masu kilo 20
- shafen hana ruwa na murabba'in mita 10 zuwa 16, shafi biyu, da faraimarsa, wato ruwan da ake fara shafawa don shafen ya kama
- tef ɗin kusurwa mita 15, da ƙyallayen wuyan bututu
- garin cike layi, silikon na banɗaki kwalba 2 ko 3, robobin tazara
- bututun milimita 50 da gwiwoyinsa da gam ɗinsa

Kayan aiki: lebul dogo, miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai mita 1.5, cokalin gini, cokali mai haƙora, injin yankan tayil, giranda mai faifan daimon, gudumar roba, rola da buroshi, soso, bokitai. Injin yanka da na fasa kankare a ɗauko haya, ba sai an saya ba.

Tayil da gilashi da kan shawa su ke cinye mafi yawan kuɗin. Shafe da tef da rariya ƙaramin kaso ne, amma abin mamaki nan aka fi matse hannu. In kuɗi sun yi kaɗan, rage tsadar tayil ɗin bango, ko ka ɗage sayen gilashi. Kada ka taɓa abin da zai shige ƙarƙashi, domin gyaransa na nufin fasa duk abin da ke samansa.

4. Fasa tsohon aiki

Rufe ruwa, kashe wutar ɗakin daga akwatin wuta, ka gwada ka tabbatar ta mutu. Cire besin, masai da baho. Cusa tsumma a cikin leda ka toshe bakin babban bututun masai da sauran bututan, don kada wari ya taso, kada kuma ɓaraguzai su faɗa ciki. Guntun tayil ɗaya a gwiwar bututu ya isa ya toshe shi bayan ka gama komai.

Ɓamɓare tsohon tayil da tsohon daɓe har ka kai ga kankare mai ƙarfi. Ƙwanƙwasa filastar bango da ƙotar cokali: inda ka ji sautin rami, filastar ta rabu da bulo, sai a fasa a sake.

Gargaɗi: ƙurar kankare da ta tayil na lalata huhu. Sa takunkumi mai lambar FFP3 ko N95, da tabarau da safar hannu, ka riƙa yayyafa ruwa. Tsofaffin gidaje kan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, a silin ko tsohon shimfiɗin ƙasa. In kana zargin haka, kada ka fasa, a nemo masu gwaji.

5. Bututu da waya

Duk abin da za a binne, yanzu ne lokacinsa. Bututun rariya ya zama milimita 50, in ta kama dole 40, kada ya gaza haka. Ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita, ka rage yawan gwiwoyi. Gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90 saurin wuce da ruwa.

Zaunar da rariyar a kan kwaɓin siminti, ka ɗora lebul ta tsawo da ta faɗi. Ga ƙa'idar tsayinta: leɓenta ya yi daidai da fuskar sabon daɓe, murfinta kuma ya tsaya milimita 1 zuwa 2 ƙasa da fuskar tayil. Tayil da gam kan ci milimita 12 zuwa 15, don haka auna kaurin naka, kada ka yi ƙiyasi. Murfin da ya fi tayil tudu ko da kaɗan ne zai bar kududdufi kewaye da shi har abada. In simintin ya kama, zuba bokiti biyu a jere ka ga yadda take sha, ka shafa kowace mahaɗa da busasshen hannu, sannan ka rufe bakinta da tef.

Bututan ruwan zafi da na sanyi a toshe bakunansu, a buɗe ruwa, a bar su da matsi kwana guda kafin a rufe da filasta. Ɗauki hoton bangon da tef ɗin awo a jiki. Ranar da za ka huda don rataya madubi za ka gode wa hoton.

Gargaɗi: wuta ba aikin gwaji ba ce, a kira ƙwararre. A ɗakin da ba kasko, duk abin da ke cikin mita 1.2 daga kan shawa, zuwa tsayin mita 2.25, ana ɗaukarsa wurin jiƙa. Fitila ko fanka a nan ta kasance aƙalla IPX4, wato lambar da ke nuna tana jure feshin ruwa, layin banɗakin ya bi ta na'urar katse wuta mai 30mA, hita kuma a haɗa ta da wayar ƙasa. Ba soket a cikin ƙaramin ɗaki irin wannan, makunni ya koma waje.

6. Daɓe mai gangare

Nan ne zuciyar aikin. Gangaren da ake so a wurin wanka shi ne santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita. Ƙasa da haka ruwa ya kwanta, sama da haka sosai ƙafa ta riƙa zamewa. A sauran ɗakin santimita 1 a mita ta isa, don masai ya zauna daidai. A misalinmu: mitar farko daga rariya ta hau santimita 2, mita ta biyu ta hau 1, bakin ƙofa ya fi rariya tudu da santimita 3 ke nan. Kaurin daɓe a bakin rariya kada ya gaza santimita 3, a ƙofa zai kai 6.

Kada ka auna daga tsohon kankare, ba daidai yake ba. Ja layi madaidaici da lebul kewaye da ɗakin, mita 1 sama da inda fuskar daɓe za ta tsaya a bakin ƙofa. Daga wannan layi kake aunawa ƙasa: a ƙofa santimita 100, a tsakiya 101, a rariya 103. Haɗa alamomin da layi a jikin bangon hagu da na dama. In ƙaramar rariya ce, gefen wurin wankan ya zama tsayi ɗaya duk kewaye, a lissafa gangaren daga kusurwa mafi nisa.

Kwaɓi: siminti 1, yashi 4, ruwa kaɗan. Dunƙula shi a tafin hannu. Ya dunƙule bai rushe ba, bai kuma ɗigo ruwa ba. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ba ya riƙe gangare, yana kwanciya kafin ka juya baya, kuma yana tsagewa in ya bushe. Ɗakin zai ci kusan buhu ɗaya na siminti da kwanon sarki takwas na yashi.

Share kankaren, ka jiƙa shi ba tare da ruwa ya kwanta ba, ka goga masa kunun siminti da buroshi, in da SBR, ruwan ƙara wa siminti danƙo, a ciki ya fi. Zuba kwaɓin tun kunun na ɗanye. In ya bushe ya zama abin raba su maimakon haɗa su. Fara da siraran layuka biyu a gindin bangon hagu da na dama, bisa alamominka. Cika tsakani, ka daddage shi sosai, musamman ƙarƙashin leɓen rariya inda rami kan ɓuya, sannan ka ja miƙaƙƙen ƙarfen a kan layukan biyu kana yankar abin da ya yi yawa. Fara daga ƙurya ka fito da baya zuwa ƙofa. Goge da katako, kada ka sulɓe shi da ƙarfe har ya yi ƙyalli, shafe ya fi kama fuska mai ɗan kaushi.

Bayan kwana biyu, kwarara ruwa daga bakin ƙofa ka bi shi da ido. Duk inda ya tsaya, zagaye wurin da alli ka cike da simintin gyara. Rami ko tudun da ya wuce milimita 3 a ƙarƙashin miƙaƙƙen ƙarfe a gyara shi yanzu. Masu cewa za su daidaita da gam wajen sa tayil suna yaudarar kansu ne: ruwan da ya ratsa tayil a kan shafe yake tafiya, in ƙasan ba gangare zai kwanta can ya yi wari.

Rufe da leda mako guda, sannan a buɗe ya bushe. Daɓen siminti da yashi na son mako uku kafin a ɗora masa komai. Don tabbatarwa, manna leda mai faɗin rabin mita da tef ta kwana. In da safe ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, ƙara jira. Mai gaggawa ya sayi simintin daɓe mai saurin bushewa, ya bi abin da aka rubuta a buhu.

In daɓen katako ne, ba a zuba wannan kwaɓin. Ana sayen faranti mai gangare da aka ƙera, a ƙara gajerun katakai tsakanin manyan, a shimfiɗa filawud mai milimita 18 a ƙarƙashinsa yadda ko'ina zai samu madogara, sauran ɗakin a rufe da allon siminti daidai da tsayin farantin.

7. Bango

Sabuwar filasta ta yi mako biyu. Kankare fenti, sabulu da maiƙo. In bangon allo ne, a sa allon siminti ko na kumfa da aka yi don wurin ruwa. Allon jifsam na ɗaki ba ya jure nan. Duba miƙewarsa da lebul, ka cike ramuka.

8. Shafen hana ruwa

Akwai na ruwa a bokiti da ake shafawa da rola, akwai na gari da ruwa da ake haɗawa, akwai na shimfiɗa kamar tabarma. Duk suna aiki. Sharaɗin shi ne faraima, shafe, tef da ƙyallaye su fito daga kamfani ɗaya, kuma a rubuce yake cewa ana ɗora tayil a kai. Kwalta ba ta yi, gam ba ya kama ta. Garin hana ruwa da ake zubawa cikin kwaɓi shi kaɗai ma bai isa ba, don ranar da daɓe ya tsage, ya tsage tare da shi.

Inda za a shafa: daɓe gaba ɗaya har bakin ƙofa, bangayen wurin wanka zuwa tsayin mita 2 da faɗin da ya kai mita 1.2 daga kan shawa, sauran bangaye kuma aƙalla santimita 15 daga ƙasa. A ɗaki mai mita 1.5 da 2, gaskiya feshin ruwa na kaiwa ko'ina, gara a shafe bangayen duka.

Tsarin shi ne:

Share ƙura tas, ka shafa faraima, ka bari ta bushe. Sai kusurwoyi: shafa layi mai kauri a mahaɗar bango da ƙasa, ka kwantar da tef rabi a bango rabi a ƙasa, ka danna shi da cokali har kumfar iska ta fita, ka sake shafawa a kansa. Inda tef biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da santimita 5. Kusurwar da bango biyu da ƙasa suka haɗu ita ta fi yoyo; akwai ƙyallen da aka ɗinka da siffarta, saye shi ya fi naɗe tef. Haka za ka yi wa kusurwoyin tsaye, da gindin ƙyauren ƙofa, da kowace tsaga.

Kowane bututu da ya fito daga bango ko ƙasa a zura masa ƙyallen wuya, ramin ya ɗan fi bututun ƙanƙanta don ya shaƙe shi. A rariya, goge leɓen da tsumma, ka manna ƙyallenta, ka tabbatar ba lanƙwasa ko ɗaya.

Daga nan shafi na farko, bango kafin ƙasa, rola na tafiya sama da ƙasa. In ya bushe bisa lokacin da aka rubuta, shafi na biyu a gicciye. Haska tocila a kwance a jikin bangon, za ka ga ƙananan huji kamar na allura, cike su.

Gargaɗi: kada ka ƙara ruwa don ya yaɗu. Lissafa kilo nawa kamfanin ya ce murabba'in mita ɗaya zai ci, ka ninka da faɗin wurinka. In ka gama shafi biyu da saura mai yawa a bokiti, shafenka ya yi siriri, ƙara na uku. Shafi ɗaya mai kaurin gaske kuma ba ya maye gurbin biyu, samansa zai bushe cikinsa na ɗanye ya tsage. Daga yanzu ba takalmi a ɗakin, ba tsani, ba ajiye cokali a ƙasa.

9. Gwajin ruwa

In shafen ya bushe sarai, toshe bututun rariya daga ciki da balan-balan ɗin toshewa, ka yi ɗan shinge a bakin ƙofa, ka cika ruwa har ya rufe daɓen duka ya hau gindin bango da santimita 2 ko 3. Yi alama a bango. Ajiye kwano da ruwa a gefe, shi ma da alama, don ka bambance abin da iska ta sha da abin da ya tsiyaye. Bar shi awa 24, a bene 48. Duba alamar, bayan bangaye da silin ɗin ƙasa. In ya ragu, fara zargin wuyan rariya da kusurwoyi. Busar, gyara, sake gwaji. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki don kwana ɗaya kawai, alhali shi ne damar ƙarshe ta gyara da buroshi maimakon guduma.

10. Sa tayil

Na ƙasa ya zama marar santsi. Nemi lambar rashin santsi R10 ko R11 a kwali, ko aji B ko C na gwajin ƙafa ba takalmi. In ba a rubuta ba, jiƙa guda ɗaya da ruwan sabulu ka murza da tafin hannu. Mai ƙyalli na bango ne. Tayil ɗin fosilin ya fi dacewa domin ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Ƙananan tayil masu santimita 5 na bin gangare da kyau, yawan layukansu kuma na riƙe ƙafa, sai dai sun fi wuyar wankewa.

Gam ya zama na gari mai lambar C2, in da S1 a gaba ya fi, don yana ɗan lanƙwasa. Wanda aka riga aka kwaɓa a bokiti ba ya bushewa tsakanin shafe da fosilin. Siminti zalla ma ba ya kama su.

Jera tayil a bushe tukuna, daga rariya zuwa ƙofa, ka matsa layin yadda ba za a samu siririn yanki a fili ba. Ƙasa ake fara sawa, bango ya sauka a kanta, ruwan da ya gangaro ya faɗo kan tayil ba cikin mahaɗa ba. Hakan kuma na hana ka buga katakon tallafi a bango, wanda ƙusarsa za ta huda shafen.

Kwaɓa abin da za ka iya gamawa cikin rabin awa. Shimfiɗa da cokali mai haƙoran milimita 10 ga manyan tayil, 4 zuwa 6 ga ƙanana, layukan haƙoran su bi hanya ɗaya. Shafa siririn gam a bayan babban tayil, ka ɗora, ka ɗan tura shi gaba da baya a gicciyen layukan. Ɗaga na farko ka duba bayansa: gam ya rufe ko'ina. In gam ya yi fata a sama har ba ya manne wa yatsa, kwashe shi a hankali ka zuba sabo. Tazarar layi milimita 2 zuwa 3, sannan milimita 3 zuwa 5 a gindin bango da kusurwoyi. Bayan kowane layi ɗora lebul ka ga gangaren na nan.

Gargaɗi: ɗiga gam dunƙule biyar a bayan tayil shi ne babban kuskuren wannan mataki. Ramukan da ke tsakani na tara ruwa, layi ya yi baƙi, kusurwar tayil ta karye da an taka.

Washegari rufe ƙasan da kwali, ka hau bango. Layin farko na bangon gefe za a yanke shi a karkace ya bi gangare, samansa kuwa ya zama madaidaici da lebul. Ramin bututu a huda shi da zoben daimon, ya fi bututun faɗi kaɗan.

11. Cike layi da silikon

Bayan awa 24, cire robobin, ka kankare gam ɗin da ya taso cikin layi ba tare da ka zurfafa wuƙa ba. Yi amfani da garin cike layi mai lambar CG2. Na efoksi ya fi hana datti, amma yana saurin daskarewa, wanda bai saba ba ya tsaya ga na farkon. Cusa shi da faranti mai roba a karkace, bayan minti 15 zuwa 20 ka goge da soso mai ɗan laima. Ruwa da yawa na wanke ƙarfinsa.

Mahaɗar bango da ƙasa, kusurwoyin tsaye, kewayen rariya da bututu ba a cika su da gari. Wuraren motsi ne, silikon ake sa musu. Wurin ya bushe, manna tef gefe da gefe, matsa silikon ya cika ramin, ja sau ɗaya, ka cire tef ɗin nan take.

12. Mayar da kaya, gilashi da iska

Duk ramin sukurun da ya ratsa shafe a busa ƙurarsa, a cika shi da silikon kafin a ɗaura. A wurin wanka kada a huda ƙasa ko kaɗan. Gilashin tsare feshi ya zama mai tauri, kaurin milimita 8 zuwa 10, faɗin santimita 80 zuwa 90, a kama shi a bango da sandar tallafi a sama. Auna bayan an gama tayil, domin irin wannan gilashi ba ya yankuwa. In ɗakin ya yi matsi, labule ya wadatar. Kabad ɗin katako a rataye shi a bango, kada ya taɓa ƙasa, ƙasan ƙyaure kuma a shafe shi da fenti ko banish.

Sa fankar fitar da tururi mai jan aƙalla lita 15 a daƙiƙa, bakinta ya fita waje ba cikin silin ba, a bar tazarar santimita 1 a ƙarƙashin ƙofa don iska ta shigo. Ba tare da ita ba, silikon zai yi fumfuna cikin 'yan watanni komai kyan aikin.

Kada a yi wanka sai lokacin da aka rubuta a buhun gam da na garin layi ya cika, galibi kwana uku zuwa mako guda. Ranar farko buɗe shawa gaba ɗaya na minti 10 ba kowa a ciki, ka kalli ko ruwa na taruwa a bakin rariya ko yana neman ƙofa. Daga nan a riƙa zaro cikin rariyar ana cire gashi duk mako biyu, a duba silikon sau ɗaya a shekara, inda ya ɗago a yanke shi gaba ɗaya a sa sabo, ba a ɗora wani a kan tsohon ba.